Yadda Ake Zagaya Birni da Dattijo a Lokacin Kaka Ba Tare da An Galabaita Ba

A ƙasashen da shekara ke rabuwa gida huɗu, kaka ce lokacin da ya fi dacewa a kai dattijo ko dattijuwa ganin birni. A arewacin duniya tana kamawa daga Satumba zuwa Nuwamba, a kudanci kuma daga Maris zuwa Mayu. Zafin bazara ya wuce, ɗalibai sun koma makaranta, layin shiga gidajen tarihi ya ragu. Sai dai kaka na da nata tarkon. Rana na saurin faɗuwa, ruwan sama na sauka ba sallama, ganyen da ya zube ya jiƙe kuma yana da santsin da zai iya kayar da mai ƙarfi, balle mai ciwon gwiwa.

Duk abin da ke ƙasa an gina shi ne a kan ƙa'ida ɗaya: ƙafar wanda ya fi kowa rauni a cikinku ita ce ma'aunin tafiyar. Da ita za ka zaɓi birni da masauki, da ita za ka tsara yini.

Kayan da za a tanada

- Takalmi mai tafin roba mai zane-zane, wanda ya rufe diddige. A saye shi aƙalla mako uku kafin tafiya, a riƙa yawo da shi a gida har ya saba da ƙafa. Sabon takalmi a ranar farko shi ne ya fi komai ɓata tafiya. Idan za a shiga masallatai ko wuraren ibadar da ake cire takalmi, a zaɓi mai maƙalewa maimakon mai igiya, domin sunkuyo na wahalar da mai ciwon baya.
- Sanda mai naɗewa. Tsayinta daidai shi ne idan mutum ya miƙe tsaye da takalminsa, hannunsa a sake, mariƙin ya zo daidai wuyan hannu. A duba robar gindinta, in ta siɗe a canza, a kuma riƙe wata ta ko-ta-kwana. Akwai sandar da ke buɗewa ta zama 'yar kujera, tana da amfani ƙwarai a wurin bin layi.
- Tufafi hawa uku: riga mai laushi a jikin fata, suwaita a tsakiya, rigar ruwa mara nauyi a sama. Sun fi babbar riga guda mai kauri, saboda ana shiga gini mai ɗumi ana fitowa cikin iska sau da yawa a yini. A haɗa da hular sanyi, mayafin wuya da safar hannu.
- Ƙaramar jakar goyo ko ta rataye, don hannu biyu su kasance a sake. Laima na cinye hannu ɗaya, sanda na cinye ɗayan, sai ya zama babu hannun kama ƙarfen matakala. Shi ya sa rigar ruwa mai hula ta fi laima.
- Magunguna a kwalayensu na asali, da ƙarin na mako guda, da wasiƙar likita.
- Gorar ruwa ta rabin lita, ɗan abin taɓawa, filasta, da batirin cajin waya.
- Kati a aljihun dattijon mai ɗauke da sunan otal, adireshinsa, lambar wayar mai rakiya, cututtukan da yake fama da su da magungunan da yake sha.

1. Auna ƙarfin tafiya tun a gida

Kada ka tambayi Baba ko Mama ko za su iya. Kusan kullum amsar ita ce za su iya, don ba sa son su zama nauyi. Ku fita tare a wuri mai shimfiɗe, ka duba agogo: minti nawa aka yi kafin haki ya fara, ko tafiya ta canza, ko a fara neman abin dafawa? Ku maimaita sau uku a ranaku daban-daban, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Idan minti 15 ne, to kowane zango a birnin kada ya wuce minti 10, saboda duwatsun titi, cunkoso da waige-waige na cin ƙarfi fiye da titin da aka saba.

Ka gwada matakala ma: nawa yake hawa ba tsayawa, kuma yana iyawa ba tare da abin kamawa ba? Sannan tsayuwa wuri ɗaya. Mutane da yawa na iya tafiyar minti 20 amma ba sa iya tsayuwar minti 10, kuma yawon buɗe ido rabinsa tsayuwa ne.

2. Ganin likita da haɗa takardu

A je wata guda ko mako shida kafin tafiya. A tambayi likita abubuwa huɗu: yadda za a juya lokacin shan magani idan agogon can ya bambanta da na gida, musamman insulin, ko ana iya matsar da maganin da ke sa yawan fitsari zuwa lokacin da aka dawo masauki, ko ana buƙatar safar matse ƙafa idan zaman jirgi zai wuce awa 4, da allurar rigakafin mura, wadda ke ɗaukar kamar mako biyu kafin ta fara aiki. Kada kowa ya canza lokacin magani da kansa.

Wasiƙar likita ta ƙunshi sunan sinadarin maganin, domin sunan kamfani na bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Wasu magungunan ciwo irin su tramadol da codeine na ƙarƙashin doka mai tsauri a ƙasashe kamar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, don haka a bincika dokar ƙasar kafin a zuba su a jaka. Duk magani ya tafi a jakar hannu. Insulin na iya daskarewa ya lalace a ɗakin kayan jirgi, akwati kuma na iya ɓata.

Batun inshora, bizar Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, na buƙatar wadda ta kai Yuro 30,000. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɓoye tsohuwar cuta don kuɗin ya yi sauƙi. Ranar da hawan jini ko ciwon zuciya ya kwantar da mutum, kamfanin zai ƙi biya. A faɗi komai, a kuma duba ko akwai iyakar shekaru a takardar.

3. Zaɓen birni da makon tafiya

Kyan birni a hoto ba ya nuna yadda ƙasarsa take. Abu uku za ka bincika: tudu, irin shimfiɗar titi, da lifta a tashoshi.

Vienna da Copenhagen na da sauƙi: tsakiyarsu a shimfiɗe take, tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasarsu kuma na da lifta. A Landan dukan bas-bas na birni masu ƙasa-ƙasan ƙofa ne, amma tashoshin ƙarƙashin ƙasa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake shiga ba matakala. A Paris layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa ne aka gina don kowa ya iya shiga, tsofaffin layukan kuwa matakala ce da dogayen lunguna, don haka bas ya fi. Lisbon birnin tuddai ne, ƙananan duwatsun da aka shimfiɗe gefen titi da su kuma na santsi sosai idan an yi ruwa. Tsohon garin Roma ma duwatsu ne baƙaƙe marasa daidaito. Venice na da gadoji fiye da 400, yawancinsu masu matakala, kuma kaka ce farkon lokacin da ruwan teku ke tasowa ya shiga dandalin San Marco, ko da yake shingen da aka fara amfani da shi a 2020 ya rage abin. Istanbul na da tuddai, amma manyan wuraren tarihi na Sultanahmet na kusa da juna, jirgin kan titi na T1 kuma na ratsa su.

Ba a ce kada a je birane masu wuya ba. Idan zuciyar dattijo na kan Roma, a je Roma, sai dai a ware kuɗin tasi, a rage yawan wuraren da za a gani.

Ga Turai, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ya fi. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, a Amurka kuma Lahadin farko ta Nuwamba. Bayan wannan canji rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 5 na yamma, zuwa ƙarshen Nuwamba kuma wajen ƙarfe 4. Daga Nuwamba wurare da yawa na rage lokutan buɗewa, jiragen ruwan shaƙatawa na rage zirga-zirga. Mai son ganin jan ganyen birnin Kyoto na Japan kuwa sai rabin Nuwamba na biyu, amma ya sani lokacin ne garin ya fi cika.

4. Masauki

A nan ya kamata kuɗi ya tafi. Otal mai araha a bayan gari na cinye awa biyu na ƙarfin dattijo kullum a kan hanya, kuma yana hana komawa hutun rana. Nemi wanda bai wuce tafiyar minti 5 daga tashar bas ba, a cikin unguwar da za ku fi yawo.

Kada ka dogara da abin da aka rubuta a intanet. Aika saƙo ka yi tambayoyi ƙarara, ka nemi hoto:

- Matakala nawa ce daga titi zuwa wurin karɓar baƙi?
- Lifta na kaiwa har hawan da ɗakin yake? A tsofaffin gine-gine takan fara ne bayan an hau wasu matakala, ko ta yi ƙanƙantar da keken guragu ba ya shiga.
- Shawa ce da ake shiga a tsaye, ko baho ne da sai an ɗaga ƙafa an tsallaka? Akwai ƙarfen kamawa da kujerar wanka?
- An kunna na'urar ɗumama ɗaki? A wasu ƙasashen kudancin Turai ba a kunna ta sai kaka ta yi nisa.

A Turai, abin da suke kira hawa na ɗaya yana saman na ƙasa ne, wato sai an hau bene. In ba a samu ɗaki mai shawa ba, a nemi tabarmar roba ta cikin baho da kujera, a kuma bar fitilar banɗaki a kunne da dare, domin faɗuwa da yawa na faruwa ne a hanyar banɗaki cikin duhu a ɗakin da ba a saba da shi ba.

5. Filin jirgin sama

Nemi taimakon da ake ba masu rauni aƙalla awa 48 kafin tashi, ta hannun kamfanin jirgin. A Tarayyar Turai da Birtaniya doka ta ce kyauta ne. Kamfanoni na amfani da alamomi uku: WCHR ga wanda ke hawa matakala amma ba ya doguwar tafiya, WCHS ga wanda ba ya hawa matakala, WCHC ga wanda sai an kai shi har kujerarsa. Dattawa da yawa na jin nauyin a tura su a keke. A lallashe su, domin daga ƙofar jirgi zuwa wurin duba fasfo a manyan filaye na iya kai kilomita guda, ga tsayuwar layi a kai. A nemi kujerar gefen hanya a jirgi don a riƙa tashi ana miƙe ƙafa. Ranar isowa ba ranar yawo ba ce: abinci, wanka, barci.

6. Tsara yini

Wannan shi ne zuciyar aikin. Babban wuri ɗaya a yini, da safe. Ƙaramin abu ɗaya da yamma, shi ma in jiki ya yarda. Bayan kowane kwana biyu na yawo, a bar na uku ba tsari.

Ga fasalin da ke aiki. A fita ƙarfe 9:30, lokacin da cunkoson masu zuwa aiki ya lafa, sanyin safiya ya sassauta, gaɓoɓi kuma sun saki. Daga 10 zuwa 12 a babban wurin, da zama aƙalla sau biyu a ciki. Abincin rana a zaune, a wuri mai banɗaki a hawan ƙasa. Daga 2 zuwa 3:30 a koma masauki a miƙe ƙafa. Da yamma sai abin da ake gani a zaune: zagayen kogi a jirgin ruwa, ko bas, ko benci a lambu. A dawo kafin duhu.

Sannan ka ɗauki taswira ka yi aikin da yawancin mutane ba sa yi: ka sa alama a wuraren zama kafin wuraren kallo. Benci, gidan shayi, harabar otal, majami'a ko masallacin da ke buɗe, ɗakin karatu. Tsakanin wurin zama da na gaba kada ya wuce zangon da ka auna a mataki na 1. Haka za ka yi wa banɗaki, ɗaya a kowace awa ko awa ɗaya da rabi. Gidajen tarihi, manyan kantuna da tashoshin jirgin ƙasa su ne abin dogaro. A Birtaniya banɗakunan masu rauni da yawa na buɗewa ne da mabuɗin Radar, a Jamus, Ostiriya da Switzerland kuma akwai makamancinsa, Euro-key. Mai larurar fitsari ya nemi bayaninsu tun kafin tafiya.

Lokacin da manhajar taswira ke nunawa an lissafa shi ne da saurin matashi, kusan kilomita 5 a awa. Ka ninka shi biyu. In ta ce minti 8, ka rubuta 16. Hoton titi da ke cikin Google Maps na nuna maka ko akwai tudu, matakala ko duwatsu kafin ku je. Nisa na yaudara a wuraren da ido ke hango ƙarshensu: daga ginin majalisar Amurka zuwa wurin tunawa da tsohon shugaban Amurka Lincoln a Washington ya kai kilomita 3, alhali daga nesa kamar nan da can ne.

Duba ranakun rufewa. Gidan tarihin Louvre na Paris da fadar Topkapi ta Istanbul ba sa buɗewa ranar Talata, gidan tarihin Orsay na Paris ranar Litinin, babbar kasuwar Istanbul mai rufi ranar Lahadi. Kowane yini kuma ya kasance da madadinsa na cikin gini saboda ruwa, a unguwa ɗaya da tsarin farko.

7. Abin hawa a cikin birni

Bas da jirgin kan titi sun fi na ƙarƙashin ƙasa: ba matakala, kuma ana kallon gari ta taga. A Vienna layi na 1 da na 2 na jirgin kan titi na bin titin Ring, inda manyan gine-ginen birnin suka jeru. A Istanbul jirgin ruwan Bosphorus na nuna fadoji da masallatai mutum na zaune. A Venice ma jirgin ruwan haya da ke bin babbar mashigar ruwa ya ishi yini guda. Bas ɗin 'yan yawon buɗe ido mai bene ya dace da ranar farko, a zauna a ƙasa, a yi zagaye ɗaya cikakke ba sauka, a zaɓi wuraren da suka cancanci dawowa. Matakalarsa ƙunci gare ta, iskar sama kuma a Oktoba na ratsa ƙashi.

Wajen shiga, dattijo ne gaba, kai a bayansa. Wajen sauka kai ne gaba, ka juyo ka ba shi hannu. Kada ya tashi tsaye sai motar ta tsaya cak. Idan za a bi jirgin ƙarƙashin ƙasa, duba shafin hukumar sufuri da safe ko liftar tashar na aiki, domin sukan lalace. Inda akwai tudu, a hau da tasi a sauko da ƙafa, sai dai ga mai ciwon gwiwa, wanda gangara ta fi yi masa zafi. Shi tasi ne hawa da sauka.

8. Tafiya a ƙasa

Sanda na hannun da ke kishiyar ƙafa mai ciwo, tana tafiya tare da ƙafar. A matakala, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka. Mai rakiya ya tsaya ƙasa da dattijo a matakala, ko hawa ake ko sauka. Ka bar shi ya kama gwiwar hannunka. In kai ka riƙo shi kana ja, za ka ɓata masa daidaito.

Tarin ganye na ɓoye rami da bakin kwalbati, a zagaye shi. Murfin ƙarfe na kan titi, farin fentin tsallaka titi, layin dogo da dutsen marmara na ƙofar gini duk santsi ne da su bayan ruwa. A biranen kekuna kamar Amsterdam da Copenhagen hanyar keke na manne da ta masu ƙafa, kekunan kuma ba su da ƙara. A Birtaniya da Japan motoci na bin hagu, a duba ɓangare biyu kafin a tsallaka. Mai son kallon sama ko ɗaukar hoto ya tsaya tukuna. Gilashin ido mai hawa biyu na rikita ganin bakin matakala, sai a sunkuyar da kai a duba ta saman gilashin.

A zauna kafin a gaji, kada a jira sai an gaji. Hutun minti 5 a kan lokaci na sayen rabin awa na tafiya, amma in ƙafa ta riga ta mutu, yinin ya ƙare, wani lokaci har da na gobe. Sannu ba ta hana zuwa. A kuma riƙa kurɓar ruwa ko ba a jin ƙishi, domin ƙishirwa na raguwa da shekaru, sanyi kuma na ƙara ɓoye ta.

9. A cikin gidan tarihi

Sayi tikiti mai ƙayyadadden lokaci ta intanet, ka tambayi mai gadi ƙofar masu rauni, wadda sau da yawa ba ta da layi. Manyan gidajen tarihi irin su Louvre na ba da aron keken guragu da kujera mai naɗewa, wasu sai an yi rajista tun da wuri. Ko mai iya tafiya ya karɓi keken a irin waɗannan wurare, ya riƙa tura shi yana dogarawa, in ya gaji ya zauna. Ku zaɓi abubuwa biyar ko shida da ake son gani, ma'aikaci ya nuna muku hanyar lifta zuwa gare su, ku fara da mafi nisa ku dawo ta wajen ƙofa. A ajiye rigunan sanyi a ma'ajiya don kada a yi gumi a fito cikin iska. Awa biyu ta isa. In ana son jagora, a ɗauki na ku kaɗai na ɗan lokaci, saboda tawagar mutum 20 ba ta jiran kowa.

10. Idan jiki ya ba da alama

Shiru bayan an saba hira, jan ƙafa, yawan tuntuɓe, saurin fushi, rawar jiki: ka tsayar da tafiya, ku zauna wuri mai ɗumi, a sha ruwa, a ci wani abu, a kira tasi. Ka ɗora gajiyar a kanka, ka ce, "Baba, mu ɗan zauna, ƙafata ta gaji." Ya fi sauƙin karɓa. Bayan dogon zama a tashi a hankali, a tsaya daƙiƙa kaɗan kafin a ɗaga ƙafa, saboda jirin da ke zuwa idan jini ya sauka.

In an faɗi, kada ka yi saurin ɗaga shi. Tambaye shi inda ke ciwo, ka duba ko yana motsa ƙafafu. Ciwon ƙugu, ko bugun kai musamman ga mai shan maganin tsinka jini, na buƙatar asibiti ko da ya ce lafiya lau. Ciwon ƙirji, numfashi da ƙyar, karkacewar baki, mutuwar hannu ɗaya ko sarƙewar magana, a kira motar asibiti nan take: 112 a Tarayyar Turai da Turkiyya, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada, 119 a Japan. Kumburi da zafi a ƙwauri ɗaya kwanaki bayan doguwar tafiyar jirgi na iya zama gudan jini, a ga likita a ranar. Ku kuma yi yarjejeniya tun daren farko: in aka rabu a cunkoso, dattijo ya zauna a wurin zama mafi kusa, ya nuna katin aljihunsa ga ma'aikaci, mai rakiya ne zai koma nema.